Asalin Kalmar "Quince" da Sunayen Safarjal a Harsunan Duniya

Tambaya: Malam, na ci karo da kalmar "quince" a wani rubutun Turanci. Ƙamus ya ce ɗan itace ne da Larabawa ke kira safarjal. Wani da ya iya Sifaniyanci ya ce mini a wurinsu goma sha biyar take nufi, wani kuma ya ce daga sunan wannan ɗan itacen aka samo "marmalade". Mene ne asalin kalmar, kuma yaya sauran harsuna ke kiransa?

Amsa: Ɗan'uwa, duk ukun gaskiya suka faɗa maka, sai dai kowa gefen da ya kama ya riƙe. Bari mu fara kawar da mai sauƙin. Quince ta Sifaniyanci, wadda ake furtawa "kinse", daga Latin quindecim ta fito, wato biyar da goma aka haɗe suka zama kalma ɗaya. Quince ta Turanci kuwa "kwins" ake furta ta, gaɓa ɗaya tak. Haruffa ne kawai suka zo ɗaya a takarda, amma ko kakannin kakanninsu ba su haɗa jini ba. Basifaniye idan yana nufin ɗan itacen, membrillo zai ce, kuma za mu iso kansa don yana da nasa labarin.

Shi ɗan itacen ya kamata a san shi tukuna, don rabin sunayensa daga halinsa suka fito. Ɗan'uwan tuffa ne na kusa. Idan ya nuna yakan zama rawaya shar, da ƙamshi mai cika ɗaki, bayansa lulluɓe da wani gashi-gashi mai laushi da ke gogewa da yatsa. Amma ka gatsa shi ɗanye ka ji: tauri kamar icce, ga tsami, ga bauri mai ɗaure harshe. Yawancin irinsa sai an dafa ake ci. Asalin bishiyar daga yankin tsaunukan Kokasus ne da arewacin Iran, kudu da tekun Kasfiyan, daga can ta bazu yamma da gabas. A yau Turkiyya ce kan gaba wajen nomansa. Masana tsirrai suna kiransa Cydonia oblonga, sunan da Philip Miller ya ba shi a 1768. Kafin nan, a 1753, Linnaeus ya sa shi cikin wani gidan da sunan Pyrus cydonia. Tun da Hausa ba ta raɗa masa suna nata ba, zan riƙa ce masa safarjal.

Idan ka tara sunayensa daga Fotugal har Japan, za ka ga ba su wuce gida huɗu manya ba: gidan Kidoniya, gidan "tuffar zuma", gidan safarjal, da gidan Farisa. Quince 'yar gidan farko ce.

Girkawan dā suna da kalma ɗaya, melon, da suke kiran kusan duk wani ɗan itace mai kewaye da ke fitowa a bishiya. Idan sabon iri ya shigo musu, sai su liƙa masa sunan ƙasar da suke ganin daga can ya zo. Akwai "tuffar Farisa", persikon melon, wadda daga ita ne Turanci ya samo peach, Faransanci pêche, Jamusanci Pfirsich. Akwai "tuffar Armeniya", akwai "tuffar Midiya". Rumawa ma suka bi sahu, suna kiran rumman malum Punicum, tuffar mutanen Kartaj, tsohon birni a Tunisiya ta yau. To a wannan tsarin ne safarjal ya zama kydonion melon, tuffar Kidoniya. Kidoniya tsohon birni ne a arewa maso yammacin tsibirin Kirit na ƙasar Girka, inda garin Haniya yake a yau. Marubucin Rum Pliny Babba, wanda ya rasu a shekara ta 79 Miladiyya, ya rubuta cewa abin da su Rumawa ke kira cotonea, Girkawa kuma cydonia, daga Kirit aka kawo shi. Wannan shi ne bayanin da za ka tarar a yawancin ƙamusoshi.

Sai dai akwai abin da ke sa a dakata. A waƙoƙin Alkman, mawaƙin Sparta na ƙarni na 7 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sunan ya zo da wata siga daban: kodymalon. Ƙarshenta, malon, ita ce dai melon a karin harshen mutanen Sparta. Amma farkonta, kody, ba Kidoniya ba ce. Wannan ya sa masana harshe da dama ke ganin asalin kalmar ararriya ce daga wani harshe na Anatoliya, a Turkiyya ta yau, yankin da bishiyar ta ratsa kafin ta iso Girka. Da Girkawa suka ji wata baƙuwar kalma mai kama da sunan garin da suka sani, sai bakinsu ya karkatar da ita wajen garin, daga baya kuma aka samo labarin da zai dace da sunan. Ni a ganina wannan bayanin ya fi ƙarfi, saboda ya dace da hanyar da bishiyar ta biyo daga gabas, kuma ya fi bayyana dalilin da Latin ke da siga biyu, cydonium mai bin Girkanci sak, da cotoneum mai wasalin o a farko kamar kody. Kidoniya ta iya yin suna wajen noman safarjal mai kyau, ba a musu. Amma garin da abu ya yi suna a cikinsa daban, garin da aka haife shi daban.

Wannan cotoneum ɗin tsohuwa ce ƙwarai a Latin. Cato Babba, wanda ya rasu a shekara ta 149 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya ambaci cotonea a littafinsa na aikin gona. Ka riƙe wannan shekarar, don ita ke rushe wani kuskure da ake yawan yi. Mutum ya ga gashi-gashin da ke bayan safarjal, ya ga cotoneum, ya tuna cotton, auduga, sai ya ce ai shi ke nan, "tuffa mai auduga". Bayanin yana da daɗin ji, amma lissafin shekaru bai yarda ba. Sunan auduga ya shiga harsunan Turai ne daga Larabci, ƙuɗun, a tsakiyar zamani, fiye da shekara dubu bayan Cato ya rubuta cotonea. Ɗa ba ya riga ubansa zuwa duniya.

Daga cotoneum zuwa quince tafiya ce ta zaizayewa, kamar dutsen da ruwa ke ci. A Italiya kalmar ba ta yi nisa ba: cotogna ɗan itacen, cotogno bishiyar. A Kataloniya t ɗin da ke tsakanin wasula biyu ta yi laushi ta koma d, aka sami codony. A arewacin Faransa laushin ya wuce nan, baƙin ya narke gaba ɗaya, kamar yadda ya saba yi a harshensu: Latin vita, rayuwa, ta zama vie. Haka cotoneum ta zama cooin a tsohon Faransanci, yau kuma coing. Wannan g ta ƙarshe a rubutu kawai take, ba a furta ta, don haka a kunne coing da coin, kusurwa, abu ɗaya ne. Bishiyar kuma cognassier ce.

Bayan Normandawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da na ɗakin girkin manya, sunayen abinci da yawa suka shiga Turanci ta nan. A ƙarni na 14 ana samun coyn ko quyn a matsayin tilo, jam'i kuma coyns ko quynes. A nan ne abin da ya fi ban sha'awa ya faru. Safarjal abu ne da ake saye da yawa, a dafa da yawa, don haka jam'in aka fi ji a baki. A hankali mutane suka manta cewa s ɗin ƙarshe alamar jam'i ce, suka ɗauka jikin kalmar ce. Quyns ta zama tilo, aka rubuta ta quince, sannan aka sake ɗora mata sabon jam'i, quinces. Ke nan wanda ya ce quinces a yau ya yi jam'i sau biyu bai sani ba. Turanci ya yi haka a wasu wurare: bodice, rigar mata mai kama jiki, asalinta bodies ce, jam'in body, truce, tsagaita wuta, ita ma tsohon jam'i ce. Ya kuma yi akasin haka: pease tilo ce, aka zaci jam'i ce, aka yanke mata wutsiya aka sami pea. Mai jin Hausa ba zai yi mamakin wannan ba, don mu ma da muka ari ƙalam da ƙadi daga Larabci, da "al" ɗinsu muka haɗiye su, muka ce alƙalami da alƙali, har mukan ce alƙalin nan ba mu ji cewa mun nuna shi sau biyu ba.

Sauran 'yan gidan Kidoniya suna da yawa, wasu ma ba za ka gane su ba sai an nuna maka. Jamusanci Quitte, wadda a tsohon harshen take kutina; Holanci kwee; Suwidanci kvitten. Romaniyanci gutuie. Girkancin yau kydoni, kusan yadda take tun farko. A harsunan Slaf wasalin farko ya faɗi, k da d suka haɗe: Cekanci ya riƙe su a kdoule, Sabiyanci da Kuroshiyanci suka yar da na farkon suka bar dunja, Bulgariyanci dyulya. Dunja har sunan mata ce a Sabiya da Kuroshiya, ana furta ta "dunya". Duk Musulmin da ya ji sai ya zaci duniya ce ta Larabci, alhali sunan ɗan itace ne mai ƙamshi. Wadda ta fi kowace ɓad da kama ita ce ta Albaniyanci, ftua. Wa zai ce ftua da quince 'yan ɗaki ɗaya ne? Amma doka ce a harshen: inda Latin ke da k da t a jere, sau da yawa Albaniyanci na mayar da su f da t, kamar yadda lucta, kokawa, ta zama luftë, yaƙi. Da wasalin farko na cotoneum ya faɗi, k ta haɗu da t, dokar ta yi aikinta. Irin wannan shi ne hujja a ilimin asalin kalmomi: sauyin sauti da ke maimaita kansa a kalmomi da yawa na harshe ɗaya. Kamannin kalma biyu a kunne kaɗai ba ya tabbatar da komai, ka ga quince biyu da muka fara da su.

Yanzu ga marmalade, dafaffen lemo da sukari da ake shafawa a burodi. Girkawa suna da wata kalmar, melimelon, daga meli, zuma, da melon: tuffar zuma. Da ita ake kiran wata tuffa mai zaƙi da ake yi wa aure a kan bishiyar safarjal. Latin ya ara ta a matsayin melimelum. A yankin Sifaniya da Fotugal sai sunan ya zame daga kan tuffar ya koma kan safarjal ɗin kansa, abin da ba shi da wuyar fahimta ga ɗan itacen da tun zamanin Rumawa a cikin zuma ake adana shi. Kalma mai l biyu kusa da juna tana da nauyi a baki, sai ta farkon ta koma r, irin musayar da muke ji tsakanin halshe da harshe. Fotugal ta sami marmelo, Sifaniya membrillo.

Mutanen Fotugal sukan dafa marmelo da sukari har ya daskare ya zama wata irin alewa mai kauri da ake yankawa da wuƙa, suka kira ta marmelada, wato abin da aka yi da marmelo. Yana da kyau a san yadda ake yin ta, don a nan ne dalilin yawon sunan yake. Ana goge gashin bayan, a yanka gida huɗu, a cire tsakiyar mai 'ya'ya. Naman yana yin baƙi da zarar iska ta taɓa shi, shi ya sa ake jefa yankakken cikin ruwa mai ɗan lemon tsami. A tafasa kamar minti 30 zuwa 40 har ya yi laushi, a murje a tace, saboda kusa da tsakiyar akwai wasu ƙwayoyi masu tauri da ke sa a ji kamar yashi a haƙori. Sai a auna: kowane kilo ɗaya na tataccen nama, sukari giram 750 zuwa kilo ɗaya. A mayar kan wuta kaɗan-kaɗan ana juyawa, awa ɗaya ko fiye, har sai an ja cokali a gindin tukunya ya bar hanya ba ta rufe nan take ba. A lokacin ne farin naman ke rikiɗa ya zama ja mai duhu. Idan wuta ta yi yawa gindin ya kama, ɗaci ya shiga duka. Idan aka rage sukari da yawa ko aka sauke da wuri, ba ya daskarewa sosai kuma yana saurin yin fumfuna. Abin da ke daskarar da shi sinadarin fektin ne, wanda safarjal ke da shi da yawa, musamman a bawo da kewayen 'ya'ya. Saboda haka ya zama uban duk wani ɗan itace da ake dafawa da sukari don ajiya, kuma abin da ya daskare haka yana jure doguwar tafiya a jirgin ruwa cikin akwati.

A cikin akwatunan ne ya isa Ingila da sunansa. Akwai rubutaccen bayani cewa a 1524 an kai wa Sarki Henry na Takwas kyautar akwatin marmalade, kuma ana kyautata zaton na safarjal ne. Wannan shekarar ta isa ta kashe tatsuniyar da ake yaɗawa, wai sunan daga "Marie malade" ne, "Maryamu ba lafiya", don ana ba Sarauniya Mary ta Sikotland idan tana ciwo. An haifi sarauniyar a 1542, shekara 18 bayan wancan akwatin. Daga baya Turawan Ingila suka riƙa kiran duk abin da aka dafa haka marmalade, ko da wane ɗan itace aka yi. Daga ƙarni na 17 na lemo mai ɗaci irin na garin Sabiliya a Sifaniya ya fara yin fice, shi ma bawonsa cike yake da fektin, har ya ƙwace sunan baki ɗaya. Dokar Tarayyar Turai ta 2001 ta keɓe sunan a kasuwanci ga wanda aka yi da dangin lemo, tare da sharaɗin aƙalla giram 200 na lemon a kowane kilo ɗaya. Wato a lokacin an fitar da ɗan itacen da ya haifi sunan daga gadon.

Kowane harshe kuma da inda ya ajiye kalmar. A Fotugal har gobe marmelada ta safarjal ce. A bakin Bajamushe Marmelade kowane irin jam ne, wato dafaffen ɗan itace da sukari na shafawa a burodi. A Rasha marmelad alewa ce mai danƙo ta ruwan 'ya'yan itace. Basifaniye na kiran jam mermelada, amma ainihin alewar safarjal sai ya ce dulce de membrillo. Italiyawa suna da marmellata ta kowane iri, ta safarjal kuma cotognata, Faransawa cotignac, wadda garin Orleyan ya yi suna da ita, duka biyun daga gidan Kidoniya. A Brazil, a bakin 'yan ƙwallo, marmelada wasa ne da aka shirya sakamakonsa tun kafin a buga. Girkancin yau ma yana cewa marmelada: kalmarsu ce ta fita tana melimelon, ta zaga Rum da Fotugal, ta komo gida a matsayin baƙuwa. 'Yan kasuwar Fotugal sun kai sunan har Japan, inda ake kiran ɗan itacen marumero.

Gida na uku shi ne wanda ɗalibin Larabci ya riga ya sani ko da bai taɓa ganin ɗan itacen ba. Safarjal ita ce misalin da malaman sarfu ke bugawa na suna mai baƙaƙe biyar na asali, s-f-r-j-l, a ma'aunin fa'allal. Tun da ma'aunin jam'i ba ya ɗaukar baƙi biyar, sai a yar da na ƙarshe a ce safarij. Wajen ƙanƙantawa ma haka, sufairij. Ƙwaya ɗaya kuma safarjala. Tsawon nan nata kansa alama ce, don yawancin kalmomin Larabci na gado baƙi uku ne tushensu. Kalmar ta girmi Larabcin da aka rubuta nesa ba kusa ba. A rubutun Akadiyawa na kan allunan yumɓu a ƙasar Iraƙi ta dā akwai supurgillu, a Aramiyanci kuma ispargla. Jera baƙaƙen ka gani: s-p-r-g-l. Larabci ba shi da p, sai ya sa f. Inda 'yan'uwansa ke da g, shi jimun yake da shi. Ga s-f-r-j-l ta fito daidai, ba ragi ba ƙari. Malta, wadda harshenta daga Larabci ya tsiro, tana cewa sfarġel.

Larabawa ma ba su tsira daga abin da ya sami Girkawa ba. Kunnensu ya ji "safar", tafiya, a farkon kalmar, har a adabin zamanin Abbasiyawa ana samun masu ƙin ba masoyi kyautar safarjal don kada ta jawo rabuwa. Wasa ne da sauti, ba asali ba. Babu wata tafiya a cikin supurgillu. Kalmar ta zo a wani hadisi a Sunan Ibn Majah, daga Ɗalha bin Ubaidullah (RA), wanda malaman hadisi suka raunana isnadinsa, kuma Ibnul Ƙayyim ya yi magana kan amfanin safarjal a babin magunguna na Zadul Ma'ad. Abin lura shi ne yadda ɗan itace ɗaya ya ɗauki ma'ana biyu masu karo da juna: a can ana gudun ba da shi don tsoron rabuwa, a Atina kuwa marubucin Girka Plutarch ya ruwaito cewa dokar Solon, mai tsara dokokin birnin, ta umarci amarya ta ci safarjal kafin ta shiga ɗakin angonta.

Gida na huɗu na Farisa ne, kusa da mahaifar bishiyar. Farisanci na da beh, wadda ta yi daidai a furuci da kalmarsu ta "mai kyau, mafi kyau", abin da ya ba mawaƙansu abin wasa. Daga ita Urdu da Hindi suka sami bihi, 'ya'yan cikinsa kuma bihidana, waɗanda idan aka jiƙa su suke fitar da yauƙi da masu maganin gargajiya na can ke bayarwa don tari da kaushin maƙogwaro. Jiƙawa ake yi ba a daka su, saboda ƙwayar cikinsu, kamar ta tuffa, tana da sinadarin da ke iya zama guba idan aka farfasa aka ci da yawa. Farisanci na da wani sunan kuma, abi, daga ab, ruwa, kuma zuwa gare shi ne masana da yawa ke mayar da ayva ta Turkanci. A ƙamus ɗin harsunan Turkawa na Mahmud Kashgari, na ƙarni na 11, sigar awya ce, daga baya baƙaƙen biyu suka yi musayar wuri, kamar bagaruwa da gabaruwa. Rashanci ya ari ayva daga harsunan Turkawa, shi ya sa Barashe da Basabiye, duk da harsunansu 'yan'uwa ne, kowa da gidan da ya samo sunan: ɗaya ta gabas, ɗaya ta Rum. A gaɓar tekun Turkiyya ta yamma akwai garin Ayvalık, "wurin safarjal", wanda Girkawan da suka zauna cikinsa ke kira Kydonies, ma'ana ɗaya da harshe biyu. Baturke idan ya ce wani "ya ci ayva", yana nufin ya shiga uku, kuma duk wanda ya taɓa gatsa ɗanye ya san dalili. Gashin farko mai laushi da ke fitowa a fuskar matashi kuma "gashin ayva" suke ce masa.

Akwai 'yan tsiraru da ba su shiga ko ɗaya cikin gidajen nan ba, kamar birs ta Hangariyanci, komshi ta Jojiyanci da habush ta Ibrananci.

Inda mai fassara ko mai karatu ke faɗawa rami shi ne sunan ya tsallaka kan wasu tsirrai da ba safarjal ba. Abin da Turanci ke kira "Japanese quince" wani ɗan kurmi ne mai jan fure da ake shukawa don ado, sunansa na kimiyya Chaenomeles. "Chinese quince" kuma Pseudocydonia sinensis ce, wato "Cydonia ta ƙarya", Japanawa na ce mata karin, suna bambanta ta da marumero. Waɗannan biyun aƙalla dangi ne. "Bengal quince" kuwa ko dangi ba ta zama ba: bishiyar Indiya ce daga gidan lemo, sunanta Aegle marmelos, kuma ka ga marmelo ta Fotugal a maƙale a ƙarshensa. Cotoneaster, wani ɗan kurmin ado, ma'anar sunansa "mai kama da cotoneum". Sinanci ya ƙara dagula lissafin: mugua a tsofaffin littattafansu da na magani tana nufin waɗannan dangin safarjal na gabas, amma a bakin mutanen yau gwanda ce, ainihin safarjal wenpo suke ce masa.

Saboda haka idan kalmar ta zo maka a rubutu, fara da tabbatar da harshen, kada goma sha biyar ta zama ɗan itace. Sannan ka duba ko akwai wata kalma a gabanta mai nuna ƙasa, kuma idan batun magani ne ko shuka, kada ka yarda da komai sai ka ga Cydonia oblonga a rubuce. Wajen mayarwa Hausa, safarjal ta fi dacewa, tare da ɗan bayani a karon farko cewa ɗan'uwan tuffa ne mai bauri da ake dafawa. Rubuta "kwins" ba ya ƙara wa mai karatu komai, kiransa tuffa kawai kuma yana ɓata ma'anar duk inda ake maganar taurinsa ko daskarewarsa. Marmalade kuma sai ka dubi shekarar rubutun da ƙasar marubucin: a takardar Ingila ta ƙarni na 16 alewar safarjal ce da ake yankawa, a ta yau jam ɗin lemo ne da ake shafawa a burodi, a rubutun da aka fassaro daga Jamusanci kuma yana iya zama na kowane ɗan itace.